Baba ya ce ba za a kai ta Barnawa ba: yaya zan yi da ƙanwata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata shekararta 22, ɗaliba ce, kuma an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Wata bakwai ke nan da ta canza. Ba ta barci, tana magana ita kaɗai, tana cewa ana zaginta ta taga alhali babu kowa, ta daina cin abincin gida wai an zuba mata wani abu. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, sai a ga sauƙi na kwana biyu abin ya dawo. Na ce a kai ta asibitin Barnawa, Baba ya ce muddin yana raye ba za a ce 'yarsa ta je asibitin mahaukata ba, don auren zai lalace, ƙannenta mata biyu ma su rasa manema. Yanzu in an yi baƙi sai a kulle ta a ɗaki. Me zan yi? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya saka maka da wannan zumunci.

Tsoron Baba yana da tushe, kada ka raina shi. A garin nan ana fasa aure saboda an ji yarinya "tana da motsi", kuma ana bin dangi da tambaya kafin a kai kuɗin gaisuwa. Inda lissafinsa ya kuskure shi ne zaton da yake yi cewa zama a gida yana rufa asiri. Ciwon da ka kwatanta, in aka bar shi, shi da kansa yake fita waje: wata rana ta ɓalle ƙofa ta fita ba mayafi, ko ta yi wa maƙwabciya ihu a kan zagin da ba a yi ba, ko abin ya tashi a ɗakin miji cikin makon farko, gaban dangin ango. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wadda ake ba magani a kan lokaci kuwa, sau da yawa ko ƙawayenta ba sa gane komai.

Ba a gane ciwo ta wasiƙa, amma jin muryar da wasu ba sa ji, da zargin an sa guba a abinci, da rashin barci na watanni, alamu ne na rukunin ciwon da ke raba mutum da gaskiyar abin da ke kewaye da shi. Zai iya zama wanda likitoci ke kira sikizofireniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300, kuma ya fi bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, daidai shekarunta. Zai iya zama ciwon hawa da saukar yanayi, ko matsananciyar damuwa da ta yi zurfi. Akwai kuma cututtukan jiki da ke zuwa da wannan kama: farfaɗiya, ciwon maƙoƙo mai rikita sinadaran jiki, cutar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko illar wasu magunguna da ƙwayoyi. Kowanne da maganinsa daban, shi ya sa sayen ƙwaya a kemis da ka bai halatta ba. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wahalar komawarta yadda take, musamman karatu da mu'amala da mutane. Wata bakwai ya riga ya yi yawa.

Kafin maganar shawo kan Baba, akwai yanayin da ba a jiran izinin kowa. In ta fara zancen mutuwa ko cewa gara ba ta duniya, in muryar tana umartarta da ta cutar da kanta ko wani, in ta ƙi ci da sha gaba ɗaya na kwana biyu, in zazzaɓi ya haɗu da ruɗewa, sanƙarewar wuya ko jijjiga, a kai ta sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar. Tun yau kuma a kwashe fiya-fiya, Sniper, maganin ɓera, wuƙaƙe da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai. Tambayarta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta ba ya sa mata tunanin. Yawanci sauƙi take ji don an tambaya.

Game da Baba, kada ka tunkare shi a tsakar gida gaban mata da yara, kuma kada ka buɗe da cewa ruƙiyya ba ta yi aiki ba. Da zarar maganar ta zama asibiti ko addu'a, ka sha kaye, domin ka sa shi zaɓi tsakanin imaninsa da shawarar ɗansa. Ba a kuma buƙatar wannan zaɓin. Babu likitan kirki da zai hana karatun Alƙur'ani ko addu'a a kan marar lafiya, kuma hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, Baba ya san shi. Nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko limamin masallacinsu, mutum ɗaya mai riƙe sirri, ku same shi tare. Abin da za ku roƙa ƙarami ne: a bari likita ya duba ta sau ɗaya saboda rashin barci da rashin cin abinci. Wannan ba ƙarya ba ce, alamun suna nan. Ku kuma kawo Hajiya, mahaifiyarta, cikin maganar tun farko, don ita ke kwana da ciwon, kuma sau da yawa uwa ta daɗe da yarda, tsoron a ce ta saɓa wa maigida ne ya hana ta magana.

In sunan Barnawa ne ke tayar masa da hankali, ba dole a fara daga can ba. Kuna iya yankar kati a sashen ganin likita na yau da kullum a Asibitin Yusuf Dantsoho da ke nan Tudun Wada, ko a Barau Dikko, a yi gwajin jini, likita ya rubuta takardar turawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a cikin babban asibiti, inda wanda ya gan ku ba zai san wane sashe kuka nufa ba. Amma a faɗi gaskiya, asibitin gwamnatin tarayya na Barnawa shi ne wurin da ƙwararrun wannan fanni suka fi taruwa a jihar, kuma akasarin masu zuwa can ba kwantar da su ake yi ba. Suna ganin likita, su karɓi magani, su koma gida ko wurin aiki. A layin akwai masu farfaɗiya, masu rashin barci, tsofaffi masu mantuwa, ma'aikata da 'yan kasuwa. Hoton da ke kan Baba na mutum tsirara a bakin kasuwa hoton wanda bai samu magani ba ne.

Ta fuskar doka ma an samu canji. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sabuwar ta tanadi haƙƙin marar lafiya na a riƙe sirrinsa da kare shi daga wariya. Ma'aikacin asibiti ba shi da hurumin gaya wa dangin ango ko makarantarta abin da ke cikin fayil ɗinta.

Ranar zuwa, kada a yaudare ta da cewa biki za a je, domin mai zargin ana ƙulla mata makirci in ta kama ku da ƙarya ɗaya, ta daina yarda da ku da likitan baki ɗaya. A ce mata za a ga likita don ta samu barci. Kada a yi gardama da ita a kan muryoyin, kada kuma a ce ana jin su. "Ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunki" ya isa. Wanda ya fi sanin yadda abin ya faro ya raka ta, a tafi da duk abin da aka ba ta, na asibiti da na gargajiya. A gaban likita a faɗi komai: ko akwai mai irin wannan a dangi, ko ta taɓa shan maganin tari mai kodin, tiramadol ko wiwi, ko akwai yiwuwar ciki, ko wani abu ya same ta kafin ciwon. Iyalai kan ɓoye waɗannan don kunya, sai likita ya yi aiki da rabin labari.

Inda aka fi samun matsala shi ne bayan an fara magani. Barci da natsuwa kan zo cikin 'yan kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin su lafa, don haka ba a yanke hukuncin cewa magani bai karɓe ta ba a makon farko. Tsofaffin magunguna irin su halofiridol da Largactil suna da araha kuma suna aiki, sai dai suna iya kawo sanƙarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau, wani lokaci wuya ya karkace, harshe ya fito, ido ya kafe sama. Ranar da wannan ya faru, gida kan rikice a ce ga aljanun sun tashi, ko a ce asibiti ya ƙarasa ta. Illar magani ce sananniya, allura ɗaya kan warware ta cikin ɗan lokaci, sannan likita ya rage adadin ko ya ƙara Artane, ƙwayar da ke rage wannan illar. Shi ma Artane a hannun babba za a ajiye shi, don shi ne samari ke sha da sunan Exol. A cikin sababbin magungunan, olanzafin yana sa ci da ƙiba, ana so a riƙa duba nauyi da sukari. Risfiridon kuma yana iya tsayar da al'ada har ya sa nono ya kawo ruwa. A jikin budurwar da aka sa wa rana, ka san irin zargin da wannan zai jawo in ba a san dalili ba, saboda haka Hajiya ta san da shi tun yanzu, in ya faru a koma a canza magani. Akwai kuma wanda ake kira balfurowet, da ake bayarwa a ciwon hawa da saukar yanayi, wanda ke iya nakasa jariri a ciki. Lallai likita ya san aure na tafe.

Kuskure mafi yawa shi ne dainawa. Ta warke, ta koma makaranta, sai wani ya ce ai ta samu lafiya, me za a ci gaba da ɗura mata ƙwaya, ko a ɓoye maganin don kada a gan shi cikin kayan ɗaki. Bayan tashin farko ana ci gaba da sha aƙalla shekara 1 zuwa 2, kuma likita ne ke ragewa a hankali. Mafi yawan waɗanda suka yanke da kansu ciwon yana dawo musu, kuma kowace dawowa tana iya fin ta baya wahalar sauka. In haɗiyar ƙwaya kullum ce matsalar, ko tsoron a gani, akwai allura irin Modecate da ake yi sau ɗaya duk mako 2 zuwa 4. Da azumi ma ba a ajiye magani, ana tambayar likita ya mayar da shi lokacin buɗa-baki ko sahur.

A ci gaba da addu'a da karatu yadda aka saba. Abin da za a hana shi ne duka da sunan fitar da aljani, ɗauri, hana abinci, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da duk mai maganin da zai ce sai an ajiye na asibiti nasa zai ci. Kulle ta a ɗaki ma yana ƙara mata tabbacin cewa ana nufinta da sharri. In wani ya kawo shawarar gidan mari, ku tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumban 2019, lokacin da suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna neman gyara ba tare da duniya ta ji ba.

Saura auren. Ra'ayinmu shi ne a ɗaga shi. Hidimar biki, rashin barci, barin gida da sabuwar rayuwa duk suna tayar da ciwon, kuma yardar da aure ke buƙata ba ta samuwa daga wadda ba ta cikin hayyacinta. Cewa "ba ta da lafiya, tana ganin likita" ya ishi dangi da maƙwabta, ba kowa ke da haƙƙin jin bayani ba. Shi mai neman auren daban ne. Idan ta samu sauƙi, da saninta da yardarta, a zaunar da shi da waliyyinsa, in da hali a gaban likitan, ya ji mene ne ciwon, mene ne maganin, me ake yi in ciki ya zo. Yana iya janyewa, wannan gaskiya ce, kuma zai yi zafi. Amma mijin da bai sani ba shi ne wanda zai tsinci ƙwaya a jaka ya ce an ha'ince shi, ko ya hana ta zuwa asibiti, sai ciwo da saki su haɗu mata lokaci ɗaya. Mata da yawa masu wannan lalura suna zaune a gidajensu da 'ya'yansu, kuma a mafi yawan lokuta za ka tarar mijin ya sani, shi ke tuna mata ranar komawa asibiti.

Game da ƙannenta, in ma sikizofireniya ce, haɗarin ga wanda ɗan'uwansa na jini ke da ita kusan 1 ne cikin 10, wato 9 cikin 10 ba za su taɓa yi ba. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, kwana ɗaki ɗaya ko cizo, don haka a bar su su riƙa zama da ita, su ci tare, su ja ta hira da ƙananan ayyukan gida gwargwadon ƙarfinta. In ka je ganin likitan, ka nemi a haɗa ku da ma'aikacin walwala na asibitin, shi ne ke zama da iyali a kan kuɗin magani, takardar ɗage karatu zuwa makarantarta, da yadda za a yi wa Baba bayani in ya yarda ya zo da kansa.