Kafin ka ci bashin injin gyaran madabod, fara duba wannan ɗan batirin

Wani ɗan'uwa mai sayar da kwamfutoci na hannu ya turo min tambaya, ya ce yana da kwamfutoci sun kai ashirin jibge a bayan shago, duk an ce masa madabod ɗinsu, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, ya mutu. Ya ɗan tara kuɗi, yana so ya cika da bashi ya sayi babban injin nan na cire IC (ƙananan ƙwaƙwalen lantarkin da ke manne a kan bod) da mayarwa ya fara gyaran bod da kansa, wai akwai riba kuwa? Sai kuma ya ƙara da cewa yana ganin wasu in sun canja batirin CMOS sai su ce wa kwastoma bod suka gyara su tsuga masa kuɗi, shi ma haka zai yi ko yaya.

To ɗan'uwa, bari in fara da ta biyun don ita ta fi damuna. Kar ka yi, don Allah kar ka fara. Batirin nan da ake magana ɗan fele ne kamar kwabo, a yawancin kwamfutocin tebur sunansa CR2032, kuma sunan ma girmansa yake faɗa, faɗinsa milimita 20 kaurinsa 3.2, wutarsa bolt 3. Aikinsa kawai ya riƙe agogon kwamfuta da saitin BIOS, wato ɗan tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, lokacin da aka cire ta daga wuta. Za ka ganshi zaune cikin ɗan gidansa a kan bod, ka danna ɗan ƙarfen da ke gefe da farce sai ya yi tsalle ya fito, ka sa sabo ɓangaren da ke da alamar + yana sama, shikenan, ko minti biyu ba a yi ba. Yanzu kowa na da waya a hannu, ranar da mutumin nan ya gano abin da ya biya kuɗin gyaran bod a kai, ba shi kaɗai ka rasa ba, har duk wanda zai ba labari, kuma wallahi zai bayar. Ribar kwana ɗaya ce ka saya da kwastoman shekara goma.

Amma fa ba wai ka yi kyauta nake cewa ba. Abin da kake sayarwa ba batiri ba ne, sanin inda ciwon yake ne. Ka raba kuɗinka kashi uku ka faɗa wa mutum tun kafin ka kwance ko noti ɗaya: kuɗin bincike, kuɗin kaya, kuɗin hannu. Na binciken ana biya ko an gyara ko ba a gyara ba, kuma ka rubuta a rasit. Mutane ba sa ƙin biyan wanda ya nuna musu tsohon batirinsu a kan mita yana karanta bolt 1 da ɗoriya, abin da suke ƙi shi ne a raina musu hankali.

Kuma mutuwar batirin nan tana zuwa da kamanni da yawa, shi ya sa ake yi mata kallon babbar matsala. Agogo ya riƙa komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kunna, ko kwamfutar ta tsaya a baƙin allo tana cewa a danna F1, ko intanet ya ƙi buɗe shafuka yana ƙorafin tsaro alhali kwanan wata ne kawai ya karkace. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce in saitin BIOS ya goge, yanayin da hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) yake aiki ya koma wani daban, sai Windows ta ƙi tashi ta kawo shuɗin allo, nan take a ce ai bod ya tafi ko a goge wa mutum kayansa a banza. Wasu kwamfutocin ma sam ba za su nuna komai ba sai an canja shi. Ni da idona na ga wadda aka riga aka yanke wa hukuncin zuwa bola, aka sa mata sabon batiri aka share saiti ta tashi garau kamar ba ita ba. Ni dai in na auna na ga ya sauka ƙasa da bolt 2.8 canjawa nake cewa a yi, ba a tsaya jira.

Abu biyu ka kiyaye a nan. Kafin ka cire batiri a kwamfutar mutum shiga BIOS ka ɗauki hoton saitinta da waya, sannan ka tambaye shi ko hadis ɗinsa na kulle da BitLocker, wato makullin Windows na kare bayanai, don taɓa saiti na iya sa ta nemi dogon mabuɗin nan mai lamba 48, in ba shi da shi kai zai riƙe da laifin. Na biyu a laftof abin ba ɗaya ba ne, wasu batirinsu naɗe yake cikin roba da siririyar waya da ake soka wa a bod, wasu ƙarami ne irin CR1220, wasu kuma irin wanda ake caji ne kamar ML1220 wanda bai kamata ka musanya shi da na gama-gari ba, wasu sababbin ma babu shi gaba ɗaya, da babban batirin suke riƙe agogo. Kuma kar ka taɓa ɗora ƙarfen solda kai tsaye a jikin batirin litiyom, yana iya fashewa a fuskarka, sayi wanda ya zo da wayarsa. Tsofaffin da ka cire kuma ka tara su a gwangwani mai murfi, yaro ƙarami in ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, wannan ba wasa ba ne.

Yanzu maganar injin. Madabod yana gyaruwa, amma ba kowanne ba kuma ba kowane ciwo ba. Akwai gyaran da mita da ƙarfen solda mai kyau da buluwa da gilashin ƙara girma suka isar maka: bakin caji da ya girgiɗe, bakin USB da ya karye, fiyus, mosfet da ya ƙone a layin shigar wuta, BIOS da ya rikice a sake rubuta masa da ɗan furogirama irin CH341A, sai kafasita. Kafasitar da ta lalace ma sau da yawa ba ta ɓuya, kanta da ya kamata ya zama a shafe sai ka ga ya kumbura ya yi tozo, wani lokaci da ɗan busasshen ruwa mai launin tsatsa a kan tsagar, kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun sha wannan sosai. Irin waɗannan gyare-gyaren kayansu ba tsada, ba sa cin yini, kuma in ka gyara sun gyaru. Nan kuɗin yake.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda injin da kake so yake yi. Manyan IC ɗin nan da ƙafafunsu ƙananan ƙwallayen solda ne ɗaruruwa a ƙarƙashinsu, ba ka ganinsu balle ka taɓa. Bod ɗin kansa ba falle ɗaya ba ne, hawa-hawa ne a manne da layukan tagulla a ciki, in zafi ya yi yawa ya lanƙwashe ko ya kumbura daga ciki to ya tafi kenan har abada. Kuma tun 2006 da dokar Tarayyar Turai ta hana darma mai guba a yawancin kayan lantarki, soldar da ake amfani da ita sai wajen digiri 217 take narkewa, ta da kuwa 183 ne, ka ga tazarar da ke tsakanin narkar da solda da dafa bod ta ƙara matsewa. Kafin hannunka ya faɗa sai ka kashe bod da yawa, kuma ko ka iya, sabon IC ɗin ma samunsa aiki ne, da yawa cirowa ake yi daga wani mataccen bod a goge a sayar maka a matsayin sabo. Ga da yawa daga laftof na yanzu da furosesa da RAM duk a manne suke, kamfanoni kuma ba kasafai suke sakin zanen bod ɗinsu ba. Ana ta matsa musu dai, Faransa tun 2021 ta wajabta a riƙa liƙa wa laftof makin sauƙin gyara, Tarayyar Turai ma ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024, amma wannan ba zai biya maka bashin wata mai zuwa ba.

Bashi kuwa ba ya jiran ka ƙware. Inji na zaune ko an kawo aiki ko ba a kawo ba, mai kuɗi na ƙirga kwana. Kuma kar ka bi masu hura wa IC zafi da buluwa ta tashi su karɓi kuɗi, bayan sati uku ta sake mutuwa, wannan dawowar ita ke cinye riba, ka yi aiki sau biyu ka mayar da kuɗi ga zubewar mutunci. Ni ma'aunina shi ne in kuɗin gyara zai haura rabin kuɗin wani bod ɗin mai aiki, ko ba za ka iya ba da garantin ko wata ɗaya da zuciya ɗaya ba, canja bod ɗin kawai ko ka faɗa wa mai ita gaskiya. In aikin manyan IC ya zo kai wa wanda ya riga ya ƙware ku yi yarjejeniya ka ɗora naka kason a fili, kana kallo kana koyo.

Waɗannan ashirin ɗin da ke bayan shagonka kuwa su ne makarantarka kuma su ne jarinka. Sayi mita mai kyau da kwalin batiri na kirki, ba irin wanda ya shekara yana shan rana ba, duba kwanan da ke jikin kwalin. Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, auna batiri, share saitin BIOS, cire RAM ka goge ka mayar, gwada da wata fawa, wato na'urar da ke ba ta wuta, da ka tabbatar tana aiki, duba kafasita da ido. Buɗe littafi ka rubuta kowacce: me ya same ta, me ka kashe, awa nawa ta ci, nawa ta fita. Wadda ta tashi ka sa mata sabon batiri kafin ka sayar, ka faɗa wa mai saye ka sa. Wadda ta ƙi kar ka zubar, RAM da fanka da allo da gidan batirin da bakunan caji duk kuɗi ne. In ka gama da su ka turo min abin da littafin ya nuna, nawa ne a ciki suka tsaya a kan babban IC kaɗai, daga nan sai mu zauna mu yi lissafin injin.