Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba

Amaryata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini shi har sau biyu. Na farko na yi dariya, na biyun ban yi ba. Kin ce kin ga sunayen mutum uku a takardar albashin kamfaninku waɗanda ba su taɓa taka ƙofar ofis ba, kuma shugabanki, wanda shi ya ɗauke ki aiki, shi yake sa hannu. Kin ce an sa ki kin rattaba hannu kan ba za ki fitar da sirrin wurin aiki ba. Sannan wai a wani kwas an koya muku cewa masana sun rabu biyu, masu duba abin da aiki zai haifar da masu riƙe ƙa'ida ko sama za ta faɗo, shi ne kike tambaya wanne Bahaushe yake bi. Ikon Allah! Yanzu har amana sai an biya kuɗin kwas a otal?

A kakar 1969 ina akawun wani Alhaji mai lasin sayen gyaɗa a wani ƙauye arewa da Kano. Lokacin fam da sule da kwabo ake kashewa, naira sai a 1973 ta zo. Mu auna, mu ɗinke buhu, mota ta kwashe zuwa Kano inda ake jera dalar gyaɗa, daga nan jirgin ƙasa ya yi Ikko da ita. Alhajin nan shi ya biya mini kuɗin makaranta shekara biyu bayan fari ya cinye gonar babanmu, a zaurensa nake cin tuwon dare.

Wata ranar kasuwa wani tsoho ya zo da jaki, buhu biyu. Na ɗora a sikeli, na faɗi nauyi. Ya dube ni, ya ce, "Malam akawu, da tiya na auna ta a gida, ta fi haka." Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi kuɗinsa ya ƙulle a bakin rawani, ya kora jakinsa. Da yamma ina share wurin awo na ɗaga dutsen sikelin, sai na ji yatsana ya taɓa wani abu a gindinsa. Dalma ce aka narka aka liƙa, faɗinta bai fi sule ba. Dutse ya ƙara nauyi, kowane buhu ya ragu. Kuma hannuna ne ya rubuta kowace lamba a littafi tun farkon kaka.

Na je wa babanmu da maganar. Ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Ya juya ya ci gaba da jan carbi. Inna tana bakin murhu, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wa ya riƙe alƙalamin?" Kin ga masanan naku biyu ke nan, a tsakar gida ɗaya, kuma sun yi shekara arba'in suna cin tuwo tare. Liman ne ya ɗan raba gardamar. Ya karanta mini farkon Suratul Muɗaffifina kan masu tauye mudu, ya tuna mini hadisin taimakon ɗan'uwa ko shi ke zalunci, wato a riƙe masa hannu. Ya ce asirin da ake rufa wa mutum shi ne talaucinsa da ciwonsa da abin kunyar ɗakinsa, gyaɗar talaka ba ta cikin lissafin.

Kwana huɗu ina juyi. A na biyar bayan isha'i na bari zaure ya watse, na durƙusa na ce, "Alhaji, ina jin sikelin nan yana son a duba shi, kamar ya samu matsala." Ya daɗe yana kallon fitilar ƙwai, sannan ya ce, "To, na ji." Washegari babu dalma. Da kaka ta zagayo kuma babu wanda ya aiko kirana. Na san bashin da kamfani yake binsa a lokacin, na san abin da ya matsa shi, kuma ko kakarku ban taɓa gaya wa adadin ba. Amma tsohon nan mai jaki bai samu cikon kuɗinsa ba. Na san ƙauyensu, tafiyar rabin yini ce a keke, ban je ba.

Ku 'yan yanzu abu biyu kuka iya: ko ku haɗiye ku ce ba ruwana, ko ku ɗauki hoton takarda ku watsa a WhatsApp kafin ku yi wa mutum sallama. Na ji ma tun Disambar 2016 gwamnatin tarayya ta sa lada ga wanda ya tona satar kuɗinta, kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Faɗin gaskiya da la'ada! Naku kamfanin 'yan kasuwa ne, wannan bai shafe ki ba.

Abin da nake so in sani, kin tabbata mutanen ukun ba masu gadin wani reshe ba ne? Kuma akwai sa hannunki a takardar, ko wucewa kawai take yi ta teburinki? Kada ki amsa ta waya, kada ki rubuta wa kowa komai tukuna. Ki zo ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ki taho da takardar sirrin da kika sa wa hannu a karanta mini ita. Goron wancan karon ya yi ɗaci, ki nemo fari.