Amsa: An ba ni kula da ɗaukar malamai da ƙarin girma, ta ina zan fara?

Malama, kin ce an mayar da ke ofishin da ke kula da ɗaukar malaman jami'a, ƙarin girmansu da ritayarsu, kina tambayar ta ina za ki kama. Na daɗe a wannan aiki, kuma shawarata ki fara da kalanda kafin ki taɓa fayil.

Nemi ranar da kwamitin naɗi da ƙarin girma zai zauna, ki ƙirgo baya. Takardun malami kan taso daga sashe, su bi ta tsangaya, kafin su iso babban kwamiti. Wanda zama ɗaya ya wuce shi, galibi sai baɗi.

Inda aikin ke cijewa shi ne wajen masu tantancewa na waje, wato farfesoshin wasu jami'o'i da ake aika wa rubuce-rubucen mai neman babban matsayi. Ba a ƙarƙashinki suke ba, sai lallashi. Kada ki aika komai sai mutum ya amsa cewa zai duba, ya kuma faɗi lokacin da zai gama. Ki tanadi sunaye fiye da waɗanda ƙa'ida ta nema, ki cire duk wanda ya taɓa yin rubutu tare da malamin ko ya duba masa digiri na uku. Na ga fayil ya yi wata da watanni hannun wanda ya tafi hutun bincike, malamin kuwa yana can yana zaton maƙarƙashiya ake masa. Abin ya dame ni ƙwarai. Sunayen masu tantancewa sirri ne, amma matakin da fayil ya kai haƙƙin mai shi ne ya sani.

Tabbatar da malami a kujerar dindindin yana da wa'adi. A Amurka, ƙa'idar da ƙungiyar farfesoshin jami'o'i da ƙungiyar kwalejoji suka fitar a 1940 ta ce lokacin gwaji kada ya wuce shekara 7, shi ya sa akan yanke hukunci a shekara ta shida. Duba naku wa'adin, ki rubuta na kowa tun ranar da ya kama aiki.

Ritaya kuma kada ta zo miki ba zato. Wasu ƙasashe sun ƙayyade shekaru, Amurka kuwa ta daina tilasta wa farfesoshi ritaya tun 1994. Ko ta yaya, ki san masu shirin tafiya da wuri, don a raba ɗaliban da suke dubawa, a kuma tallata gurbin kafin zangon karatu ya kama.