Amsa: Ɗana ya ajiye littafi tun da na daina ba shi kuɗi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina ba ɗanki naira ɗari duk ranar da ya karanta littafin labarai, da kika daina shi ma ya ajiye, alhali da can da kansa yake ɗauka. Wannan ba lalaci ba ne, kuma ba naki kaɗai ba ne.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 1973, masanin halayyar ɗan Adam Mark Lepper da abokan aikinsa biyu sun gwada wannan a makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Sun zaɓi yaran da dama can suna son zane. Wasu aka yi musu alƙawarin takardar yabo in sun yi, wasu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake baza alƙaluman zane, ba wanda ya ce musu uffan. Waɗanda aka yi wa alƙawarin su suka ja baya, tsawon lokacin da suka yi suna zane kusan rabin na sauran ne. Yaro ya ɗauki abin aiki, aiki kuwa sai da biya.

Ki lura, kyautar bazata ba ta ɓata komai ba. Ni da nawa sai na bar cinikin, na bar shi ya zaɓi littafin da ransa ke so. Da daddare ina tsince shinkafa yana ba ni labarin, ina ta "to sai me ya faru?" Satin farko dai ya yi ta kumbure-kumbure yana tambayar kuɗinsa, na yi kunnen uwar shegu.