Ku Tambaya Mu Amsa: Matasa da Fim, Ta Ina Ake Farawa?

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga 'yan sakandare suke, sai wasu daga iyaye da malamai, kuma kusan duk a kan harkar fim da rediyo. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Shekaruna 16, ina aji biyar a sakandare. Ni da abokaina huɗu muna son yin gajeren fim a unguwarmu, amma waya kawai gare mu. Wani yayanmu ya ce wasan yara ne, sai mun tara kuɗin kyamara. Haka ne? *Daga wani ɗalibi, Gwale, Kano*

Amsa: Ɗana, kada ku tara kuɗin kyamara yanzu. Ita kanta masana'antar fim ta Kano daga ƙungiyoyin dirama na unguwanni ta taso, irin su Tumbin Giwa da ta fitar da fim ɗinta na bidiyo a 1990, kuma wayar da ke aljihunka ta fi kyamarar wancan lokacin fitar da hoto. Abin da ke kashe fim ɗin 'yan koyo sauti ne. Mai kallo zai yi haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in bai ji abin da ake faɗa ba, cikin daƙiƙa goma ya wuce.

Don haka kuɗin farko da kuka haɗa, ku sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga. A maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. In jarumar na sanye da hijabi, kada a cusa shi ciki, don duk motsin da ta yi za a ji ƙarar yadi. A maƙala a gefen waje ta ɓangaren da kyamara ba ta gani. In babu kuɗin makirufo, waya ta biyu ta isa: a buɗe manhajar naɗar murya, a ajiye ta kusa da masu magana, a bayan buta ko cikin aljihun gaba na riga. Kafin kowace ɗauka, mutum ɗaya ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wannan tafin shi mai tacewa, wato mai yankawa da jera abin da aka ɗauka, zai bi ya haɗa sauti da hoto. Kafin ku bar kowane wuri kuma, kowa ya yi shiru na minti ɗaya a naɗi sautin wurin haka nan. Da shi ake cike gurbi idan aka yanke magana, in ba haka ba sautin zai riƙa ɗaukewa ɗif kamar an ɗauke wuta. Janareton maƙwabci, injin markaɗe da fanka su ne abokan gabarku. Fanka a kashe ta, injin markaɗe kuwa a tambayi mai shi ƙarfe nawa yake tashi.

Wajen hoto, a kwantar da wayar a kwance, a goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sa hoto ya yi hazo. A saitin ingancin bidiyo, a sa ta a 1080, ba 4K ba. Minti ɗaya na 1080 yana cin megabait 100 zuwa 150, 4K kuwa ya ninka haka wajen sau uku, ga sa waya zafi har ta tsaya da kanta, abin da za ku gani da idonku a watan Afrilu. Fim na minti biyar yakan ci ɗaukar minti arba'in zuwa hamsin, wato ku tanadi gurbin gigabait 7 ko fiye. A sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗauka. A danna fuskar jarumi a allo a riƙe har wayar ta kulle haske da saiti, in ba haka ba hoton zai riƙa yin duhu da haske da kansa duk lokacin da mai farar riga ya gifta. In kuna ɗauka a ɗaki da ƙwan lantarki kuka ga layuka suna rawa a hoto, dalilin shi ne wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wayar kuma tana ɗaukar hoto 30. A mayar da ita 25 in tana yarda. Manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana ba da wannan damar a wayoyi da yawa.

Ku ɗauka da hantsi kafin ƙarfe goma, ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa idanu su faɗa rami. Zaure wuri ne mai kyau: a zaunar da jarumi yana fuskantar ƙofa ko yana gefenta, kada ƙofar ta kasance a bayansa, sai ya koma inuwa baƙi ƙirin. Farin kwali babba da wani zai riƙe ta ɗaya gefen ya isa ya mayar da haske fuska.

Labarin kuma kada ya wuce shafi biyar, don shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Mutum uku, wuri biyu, matsala ɗaya. Yaron da aka aika cefane ya yar da kuɗin a hanya labari ne cikakke. Ku bar labarin attajiri da jerin motoci tukuna.

Tambaya: Ni malama ce a makarantar 'yan mata. Shugabar makaranta ta amince in kafa kulob na fim da yaɗa labarai, awa biyu duk mako. Yaya zan tsara zango ɗaya? *Daga wata malama, Funtuwa*

Amsa: Malama, ki fara da takardar amincewar iyaye tun kafin a taɓa waya. Ta faɗi abu uku a fili: za a ɗauki hoto ko muryar yarinya, a ina za a nuna, kuma ko za a sa a intanet. A raba amincewar gida biyu, don akwai uban da zai yarda a nuna a makaranta amma ba zai yarda a sa a Facebook ba, kuma yana da gaskiyarsa. Yarinyar da ba a yarda ta fito ba kada a sallame ta. Rubutu, sauti da tacewa duk suna jiranta, kuma sau da yawa daga cikinsu ake samun gwanaye.

Kada ki wuce ɗalibai ashirin, rukuni huɗu na biyar-biyar: darakta, mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai rubutu, da mai kula da daidaito. Wannan ta ƙarshen ita ake rainawa, ita ce kuma ke hana abin kunya. Aikinta littafi da biro: a fitowa ta uku ɗankwalin ja ne, kofin yana hannun dama, ƙofa a buɗe take. In aka dawo ƙarasa ɗauka mako mai zuwa, littafinta za a bi.

Makonni uku na farko a yi su ba dirama: kowane rukuni ya yi hira ta minti biyu da wani a cikin makaranta, mai gadi ko mai dafa abinci. Nan za su koyi tambayar da ba a amsa ta da "e" ko "a'a", su kuma ji illar iska a makirufo da kunnensu. Mako na huɗu da na biyar rubutu. Na shida zuwa na takwas ɗauka. Sauran na tacewa ne, kuma a nan kulob-kulob ke mutuwa, domin kowa na son ɗauka, ba mai son zaman tacewa. CapCut ko KineMaster a waya sun isa. In akwai kwamfuta mai ƙarfi, DaVinci Resolve na da nau'in kyauta, sai dai tana son RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, da ya kai gigabait 16 kafin ta yi tafiya lafiya. Duk ranar da aka yi ɗauka a kwafe aikin wuri biyu kafin a tashi, a sa wa kowane fayil suna da kwanan wata da lambar fitowa.

Abu ɗaya na fasaha da ya kamata ki koya musu da wuri: idan mutum biyu suna magana, a ɗauka akwai igiya a miƙe tsakaninsu, kyamara ta tsaya ɓangare ɗaya na igiyar har a gama. In ta tsallaka, a allo za a ga su biyun suna kallon gefe ɗaya kamar ba da juna suke ba.

Ki sa ranar nuni tun makon farko, ki gayyaci iyaye. Ranar da aka sanar ita ke sa a gama aiki.

Tambaya: 'Yata mai shekara 15 ta haɗu da wani a Facebook da ya ce furodusa ne. Ya ce ta turo kuɗin fom da hotunanta, sannan ta zo Kano a gwada ta. Hankalina bai kwanta ba. *Daga wata uwa, Katsina*

Amsa: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Kada a tura kuɗi, kada a tura hoto, kada ta je. Mai shirya fim na gaske da ke buƙatar yarinya ƙarama wajen iyayenta yake zuwa, da rana, da sunan kamfaninsa da adireshin ofis. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ita ke yi wa masu harkar rajista, akwai kuma ƙungiyarsu ta MOPPAN. Babanta ko kawunta ya je da sunan mutumin ya tambaya. Ki adana saƙonnin da ya turo, kada a goge. Ita kuma yarinyar kada a rufe ta da faɗa har ta koma yin abin a ɓoye. Sha'awar ba laifi ba ce. A nema mata kulob ɗin makaranta ko shirin yara na gidan rediyon jiha, inda za ki iya raka ta ki ga waɗanda take hulɗa da su.

Tambaya: A garinmu akwai rediyon al'umma. Ina so a ba mu fili mu matasa, amma ina jin nauyin zuwa hannu rabbana. Me zan kai musu? *Daga wani matashi, jihar Maraɗi*

Amsa: Kai kam ka yi sa'a. Nijar ta riga Nijeriya a wannan fanni: ƙungiyoyin sauraron rediyo sun kafu tun farkon shekarun 1960, rediyoyin al'umma kuma suka fara yaɗuwa daga ƙarshen shekarun 1990, yau sun haura ɗari. A Nijeriya sai a 2015 aka ba da lasisin farko guda 17, shi ya sa takwaranka na Kano ko Zariya ya fi dogara da rediyon jami'a da gidaje masu zaman kansu.

Ka kai musu shiri gamamme na minti biyar, kada ka je da baki kawai. Zaɓi batu ɗaya da ke damun sa'o'inka, misali yaran da ke barin makaranta lokacin girbi. Ka naɗi murya uku: yaro ɗaya, uba ɗaya, malami ɗaya, kowa ka ɗauki daƙiƙa talatin zuwa arba'in mafi ma'ana daga maganarsa. Ka riƙe wayar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ɗan gefe kaɗan don kada iskar "f" da "b" ta buga. In akwai iska, safa mai tsabta a kan wayar tana ragewa. Naka bayanin ka rubuta shi da gajerun jimloli, ka karanta da ƙarfi sau biyu; duk inda numfashi ya ƙare maka, jimlar ta yi tsawo. Ka naɗa a ɗaki mai katifa da labule, ɗakin siminti wayam yana amsa kuwwa. Yaron da zai faɗi abin da zai iya jawo masa duka a gida, kada ka ambaci sunansa.

Idan ka je, ka nemi shugaban shirye-shirye, ka nemi kwatan awa ɗaya a mako na wata uku, ka nuna masa batutuwa goma sha biyu a rubuce. Abin da suke tsoro shi ne matasan da za su zo sau biyu su ɓace, a bar su da fili ba kowa.

Tambaya: In na gama sakandare, ina ake karanta fim? *Daga wani ɗalibi, Bauci*

Amsa: Jos ce cibiya. Can Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, tana ba da difloma da digiri tare da Jami'ar Jos. Can kuma kwalejin talabijin ta NTA take. Jami'ar Bayero na da tsangayar sadarwa da sashen wasan kwaikwayo, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta daɗe da suna wajen kai wasan kwaikwayo ƙauyuka don wayar da kai. Na Nijar suna da makarantar koyon aikin jarida da sadarwa a Yamai, wadda a da ake kira IFTIC. Digiri na buƙatar kiredit biyar har da Turanci, da JAMB, kuma adabin Turanci yana taimakawa, saboda haka kada ka yar da shi a aji huɗu. Ka ajiye gajerun ayyukanka biyu ko uku mafi kyau, za su yi maka amfani wajen neman gurbi da wajen shiga bukukuwan fim irin su Zuma a Abuja da KILAF a Kano.

Tambaya: Mun sa fim ɗinmu a YouTube, sai aka turo saƙo wai waƙar ciki ba tamu ba ce. Kuma yaushe za a fara biyanmu? *Daga wasu 'yan aji shida, Kaduna*

Amsa: Waƙar da kuka ɗora tana da mai ita, na'urar YouTube kuma tana gane ta ko da daƙiƙa kaɗan ce, ko da rediyon mai shayi ce ke yi a bayan fage. Mai waƙar na iya karɓe kuɗin tallar ko ya sa a toshe bidiyon. Ku cire ta ku sa daga rumbun kiɗan kyauta na YouTube, ko ku sami mai kalangu ko mai gurmi a unguwa ya kaɗa muku minti uku, ku biya shi, ya sa hannu a takarda cewa ya yarda.

Batun biya kuwa, kuɗin talla na buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, asusun karɓar kuɗin kuma sai mai shekara 18. In ba ku kai shekarun ba, da sunan uba ko yayan ɗayanku za a buɗe. Ku zauna yanzu, tun babu ko sisi, ku rubuta wa ke riƙe da lambar sirrin tashar da yadda za a raba in kuɗi ya zo, kowa ya sa hannu a gaban babba guda, kowa kuma ya riƙe kwafinsa.