Motar da ake kira ta waya: ina take da amfani ga mutumin ƙauye, ina kuma ba ta da shi?

Yawancin tambayoyin wannan makon a kan abu guda suka taru, wato motocin nan da ake kira ta manhajar waya, irin su Bolt. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye.

Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye bayan Gezawa. Duk wata muna kai mahaifiyata ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano, ga ciwon ƙafa ga hawan jini, matsin motar tasha yana wahalar da ita ƙwarai. Ɗana ya sa mini manhaja a waya, amma in muka duba daga gida sai ta ce babu mota kusa. Ranar da muka gwada daga asibiti zuwa gida, direba ya karɓa, sai ya kira ya ce kuɗin da manhaja ta nuna ko mai ba zai saya ba, mu soke mu yi ciniki da baki. Cuta ce ko gaskiyarsa ce? Me ya fi mana?

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Wayarka ba ta yi maka ƙarya ba. Aikin manhajar shi ne ta haɗa ka da direban da yake kusa da kai a lokacin, su kuwa direbobin inda fasinja yake nan suke kewayawa: Nasarawa, Sabon Gari, filin jirgi, bakin manyan asibitoci da jami'a. Babu wanda zai je ya faka a bayan Gezawa yana jiran kira ɗaya a wuni.

Maganar direban ma akwai gaskiya a cikinta. Manhaja nisan zuwa take lissafawa da mintunan da aka ɗauka, ba ruwanta da dawowa. In ya sauke ku a ƙofar gida, wayam zai juyo Kano, man dawowar daga aljihunsa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta kai 1,000 har ta wuce, kowane direba da lissafin lita yake tuƙi. Ga kamashon kamfani, wanda a manyan kamfanonin yakan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye. In motar ba tasa ba ce, mai mota yana jiran balas. Don haka neman ƙari a tafiyar da ta fita gari ba lallai ne ya zama cuta ba.

Inda ban yarda da shi ba shi ne "ku soke". Da zarar kun soke, kun koma fasinjojin wani baƙo da ba ku san asalinsa ba. Sunansa, lambar motarsa, hanyar da kuka bi, lokacin da kuka tashi, duk babu su a rubuce a matsayin tafiyarku. In an manta da takardun asibiti a motar, ko aka yi saɓani a hanya, kamfani zai ce bai san da wannan tafiya ba. Abin da kuke saya a wurin manhaja ke nan, shaida, ba araha ba. In ta kama dole, ka ce masa: "Malam direba, bar tafiyar a kunne, abin da ta nuna zan biya, ga kuma kaza a kai saboda dawowarka." Ku yanke ƙarin tun kafin Hajiya ta shiga. Wanda ya ƙi wannan, ka bar shi ya soke da kansa, domin wani lokaci wanda ya soke bayan direba ya iso akan caje shi.

Amma in ni ne, ba zan ɗora wannan tafiya ta wata-wata a kan manhaja ba sam. Hanya biyu ce. Ta farko, ku nemi direba ɗan garinku, wanda kuka san gidansu, ku ɗauke shi shata zuwa da dawowa. Ka tambaya a masallaci ko a wurin ma'aikacin asibitin garinku, da wuya a rasa wani gida mai zuwa ganin likita a Kano. In ranakunku suka zo ɗaya sai ku raba kuɗin. Direban da ya san Hajiya zai rage gudu a kan ramuka ba sai an roƙe shi ba, zai tsaya in tana son sauka, zai kuma jira in layi ya yi tsawo. Ta biyu ta fi sauƙin kuɗi: a motar tasha ku biya kujerar gaba gaba ɗaya, kuɗin mutum biyu, ta zauna ita kaɗai ta miƙe ƙafarta. In kun sauka a tashar 'Yankaba da ke cikin Kano, nan ne wurin manhaja. Ka kira mota ta kai ku har cikin asibiti, maimakon hawa da saukar adaidaita sahu da tsohuwa mai ciwon ƙafa. Ku yi sammako, domin farashin manhaja yana hawa lokacin da masu nema suka yi yawa, kamar fitar ma'aikata da safe ko in hadari ya haɗo.

Malam, 'yata tana karatu a Jami'ar Bayero, daga Kazaure take zuwa, ta sauka a Ƙofar Ruwa da kayanta. Na ce ta riƙa kiran motar manhaja saboda na fi samun natsuwa. Rannan motar da ta zo lambarta daban da wadda waya ta nuna, direban ya ce ta ƙaninsa ce, tasa tana gareji. Ta shiga, Allah Ya kiyaye ba abin da ya faru. Bayan kwana biyu kuma ya fara turo mata saƙo a WhatsApp. Hankalina ya tashi. In hana ta ne?

Hajiya, hankalinki ya tashi a inda ya kamata. Ba sai kin hana ta manhajar ba, amma wannan motar bai kamata ta shiga ba, kuma ina so ki gaya mata haka da kakkausar murya. Lamba ta saɓa, ko fuskar direba ba ita ce ta hoton ba, to babu tafiya. Ko da gaskiya yake faɗa, kamfani bai tantance wannan motar ba, kuma in wani abu ya faru, wata motar daban za a je nema. Ta tsaya cikin mutane, ta soke, ta zaɓi dalilin cewa mota ko direba bai dace da bayanin ba, ta sake kira.

Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, adaidaita ce abin hawan kowa, kuma da rana, a kan babban titi, tare da wasu mata, ba ni da abin cewa a kanta. Fifikon motar manhaja yana fitowa ne da yamma, ko in akwai akwati da buhun garin kwaki da za a kai har sabuwar jami'a a titin Gwarzo. Sai dai fifikon ba ya aiki da kansa. Kafin ta buɗe ƙofa ta zagaya ta karanta lambar da idonta. Kada ta ce "kai ne wane?", ta bari shi ya faɗi sunan wanda ya zo ɗauka. Ta zauna a baya. In ta tarar da wani a cikin motar, an ce abokin direba ne, ta fasa. Akwai wurin da ake tura bayanin tafiya ga wani, ta tura miki ko yayanta, kuna ganin motar tana tafiya a taswira har ta isa. In kuma babu sabis mai ƙarfi a wurinki, ta kira ki a gaban direban ta karanto miki lambar motar. Direban kirki ba ya jin haushin wannan. Da yawansu ma suna da 'ya'ya mata.

Saƙon da yake turo mata kuwa cin amana ne. Lambar nan don aiki ya same ta. Kada ta amsa ko da "wa alaikumus salam", ta ɗauki hoton saƙonnin, ta kai ƙararsa ta cikin manhajar a ƙarƙashin wannan tafiyar, sannan ta toshe shi. Yaranmu mata suna jin nauyin kai ƙara, suna cewa kada su raba mutum da abincinsa. Ki nuna mata cewa shirun nata wata yarinyar zai jefa a motarsa gobe. Ta kuma riƙe lambar gaggawa ta 112 a ka.

Yaya, ƙaramar waya gare ni mai madannai. Sau uku ko huɗu nake shiga Kano a shekara daga Ɓaɓura. In sayi babbar waya saboda wannan manhaja?

A'a, ƙanena. Shiga huɗu a shekara ba ta kai kuɗin waya da data da caji ba. Ɗan'uwanka da ke birni zai iya kira maka mota daga wayarsa, ya ba direba lambarka, ya karanto maka lambar motar. In dai kana da wata buƙatar, kamar taransifa ko tallan kayanka, to ka sayi mai batir mai ƙarfi da wurin ajiya isasshe, ko Tecno ko Itel ko Infinix, kada ka bi kyawun kyamara. Ka gwada taswira a shagon kafin ka biya, ka ga ta nuna inda kake tsaye daidai.

Malam, ina saro atamfa da shadda a Kantin Kwari in kai Birnin Kudu. Direban manhaja ya ga dila biyu ya ce ba zai ɗauka ba. Ba kuɗina zan biya ba?

Hajiya, kuɗin mutum kika biya, ba na kaya ba. Ƙaramar mota ce, dila biyu za su danne bayanta, gyaran kuma a kansa. Ki kira shi tun bai taso ba ki faɗi yawan kayan, ya yarda ko ya ƙi. Amma daga Kwari zuwa tashar Unguwa Uku da kaya masu nauyi, shatar adaidaita ko 'yar ƙurƙura ta fi miki. In za ki biya ta taransifa, ki tambaya tun farko ko yana karɓa, ki riƙe 'yan canji saboda ranar da sabis zai ɗauke.

Malam, na sayar da shinkafar rani a Auyo, Allah Ya sa albarka. Babban ɗana ya iya tuƙi, yana ta matsa mini in saya masa Corolla ya tafi Kano ya yi aikin manhaja, wai abokansa suna samu sosai. Kuɗin nan kusan duk abin da na tara ne. In saya?

Alhaji, kada ka saya yanzu. Ban ce har abada ba.

Abin da abokansa suke gaya masa shi ne jimillar da waya take nunawa da daddare. Daga cikinta za a cire kamasho, a cire mai, har da man da aka ƙona ana yawon neman fasinja da na zuwa ɗaukarsa. A cire data, juyen baƙin mai, taya, birki, gyaran esi, sabunta takardu da inshora. Yaron da ya taso daga Auyo sai ya kama ɗaki a Kano, ya ci abincin saye sau uku. Motar da take wuni a kan titi kuma tsufa take yi da sauri, ranar da injin ko giya ya tsaya kuɗin gyaran a dunƙule ake nemansa. Wannan ranar ce take kayar da yawancin masu mota ɗaya, domin sun cinye ribar ba su ware na gyara ba. Ga kuma abin da ba a son faɗa: ana ƙwace wa direbobi mota, musamman masu aikin dare, shi ya sa masu motoci suke sa na'urar bin sawu.

Sannan iya tuƙi daban, sanin Kano daban. Wanda bai san yadda zai kauce wa cunkoson Kantin Kwari da Bata ba, bai san titin da 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, suka hana juyawa ba, zai sha tara, fasinjoji kuma su rage masa taurari, wato makin da suke ba direba a manhaja bayan tafiya, taurarin in suka yi ƙasa aiki ya ja baya.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ya fara mallakar lasisin tuƙi na gaskiya. Ya je Kano ya karɓi motar wani yana kai balas na wata uku, ta hannun wanda ka sani. Ka ware kuɗin taki da iri da man injin ban-ruwa na noma mai zuwa tukuna, wannan ba a taɓa shi ko da wace irin riba aka yi maka alkawari. In bayan wata ukun lissafi ya nuna akwai saura, sai a yi maganar saye, kuma kafin a biya a tambayi sharaɗin kamfanin kan shekarar ƙirar mota da lafiyarta, don ba kowace suke karɓa ba. Ku je da bakanikenku, ba na dillali ba, a duba takardun kwastan.

Ka kuma auna wannan da abin da yake ƙofar gidanka. Motar da take jigila tsakanin Haɗeja da Kano, ko mai ɗaukar buhuna zuwa Gujungu ranar Lahadi da Maigatari ranar Alhamis, ba ta biyan kamashon manhaja sai na tasha, yaron yana kwana a gida, lokacin girbi kuma kayanka za ta fara ɗauka. Wahalarta ta fi yawa, kwalliyarta ba ta kai ta Corolla ba, na san shi ya sa ba ita yake so ba.

Ka saya masa littafi mai layi. Kullum da daddare ya rubuta abu biyar: abin da ya shigo, kamasho, mai, abinci, da abin da ya kashe wa motar. Ranar da bai fita ba ma ya rubuta dalili. In ya zo gida ƙarshen wata ku zauna ku duba tare, kai da shi da wani dattijon direba na tashar Haɗeja da ka yarda da shi.