Kafin a yi wa kwamfutar shagonka famat, fara ceto lissafin bashinka

Tambaya: Ina sayar da kaya a kan sari, kuma duk lissafina, har da sunayen waɗanda nake bi bashi, yana cikin kwamfuta ɗaya da ɗan ƙanina ya saita mini. Wuta ta ɗauke tana tsakiyar sabunta Windows. Tun daga nan in na kunna sai ta rubuta "Preparing Automatic Repair", ta ce ta kasa gyarawa, ta mutu ta sake tashi. Yaron ya ce ko dai a yi mata famat, ko mu ci bashi mu sayi sabuwa babba, shi zai riƙa harkar kirifto da ita mu mayar da asarar. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, kada ka ɗauki ko ɗaya. Duk tambayarka a kan kwamfuta take, alhali abin da ke cikin haɗari shi ne dukiyarka da ke hannun mutane. Ka zuba lissafin bashinka wuri ɗaya tak, ba kwafi a ko'ina, kuma wani ne ya san sirrin wurin. Nan ka yi kuskure. Masu cin bashi suna da kunne: ranar da suka ji lissafi ya ɓace, wanda kake bi katan 40 zai ce 20 ne, har da rantsuwa, kai kuma ba ka da abin nunawa. Famat goge komai yake yi. Wanda ya ba ka wannan shawara ya yi tunanin na'ura, bai yi tunanin kuɗinka ba.

Daina kunna ta kana kashewa da fatan ta farfaɗo. Kasa kunne jikinta tukuna. In kana jin ƙas-ƙas ko ƙarar gurzawa, faifan ajiyarta ne ke mutuwa, kashe ta nan take ka kai wa masu ciro bayanai, domin kowane kunnawa yana ƙara cin faifan. In shiru take, zai fi yiwuwa fayilolin tashin Windows ne suka lalace da aka katse sabuntawar, kuma lissafinka yana nan lafiya.

Ga yadda za ka ciro shi. A shuɗin allon da ya ce gyara ya gagara, danna Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma, sai Command Prompt. Soka filashi. Rubuta notepad ka danna Enter, ka shiga File, sai Open, ka mayar da nau'in fayil zuwa All Files. Daga wannan 'yar tagar za ka ga foldodinka, ka kwafe su ɗaya-ɗaya zuwa filashin. Ba za ta nuna maka ci gaban kwafin ba, don haka ka yi haƙuri da ita, kada ka zare filashin da wuri. A wannan yanayi faifan da ka saba gani C yana iya zama D ko E, ka leƙa har ka ga wanda ke ɗauke da foldar Users. Kuma kada ka tsaya a Documents da Desktop kawai. Manhajojin lissafi da yawa suna ajiye bayanansu a wani wurin daban, kamar ProgramData ko Public, sai ka tambayi wanda ya saka manhajar. Bayan nan buɗe fayilolin a wata kwamfutar, ka ga sunayen mutanenka da idonka kafin ka yarda an ceto su.

Wataƙila kafin ka kai nan ta tambaye ka makullin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai, lambobi 48. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle faifansu da kansu, su ajiye makullin a asusun Microsoft da aka shiga da shi ranar saitawa. To da imel ɗin wa aka shiga? In na ɗan ƙaninka ne, makullin dukiyarka yana aljihunsa tun ran farko. Ba zarginsa nake ba, amma in ya manta kalmar sirrinsa, ko kuka sami saɓani, babu mai gyaran da zai buɗe maka faifan nan. Kira shi yau ya fito da lambobin, ka rubuta a takarda ka adana. Ranar 19 ga Yuli 2024 wata sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin irin wannan mutu-ka-tashi, har jiragen sama suka kasa tashi. Gyaran kansa goge fayil guda ne, amma duk inda faifai ke kulle sai da aka nemo makullin kafin a isa ga fayil ɗin.

Sai lissafi ya fita lafiya za a taɓa gyara, a fara da mai sauƙi. Cire firinta da duk abin da ke soke jikinta, ka sake kunnawa. In ta ƙi, koma Advanced options ka zaɓi Uninstall Updates, ka cire sabuntawa ta ƙarshe. Tunda a nan wuta ta kama ta, a nan na fi sa rai. In bai yi ba, gwada System Restore, wanda ke mayar da Windows yadda yake kafin matsalar. Daga nan sai Command Prompt: chkdsk C: /r yana duba faifan ya gyara abin da zai gyaru, amma yana iya cin awoyi kuma yana wahalar da faifai mai rauni, shi ya sa na ce kwafi tukuna. Bayansa sfc /scannow /offbootdir=C:\ /offwindir=C:\Windows, mai gyara fayilolin Windows da suka lalace. A duka biyun ka sa harafin da ka gano a madadin C. Umarnin bootrec /rebuildbcd yana sake gina jerin tashin Windows. In bootrec /fixboot ya ce an hana izini, kada ka firgita, haka yake yi a sababbin kwamfutoci, umarnin bcdboot ake amfani da shi a wurin, kuma wannan aikin ƙwararre ne. In ma shuɗin allon ya ƙi fitowa, a haɗa filashin saka Windows mai girman 8GB a wata kwamfutar, a tashi da shi, a danna Repair your computer. Kada hannu ya kai ga Install now.

Shawara biyu na yawo a intanet da ya kamata ka guje wa. Ɗaya ita ce kwafo fayiloli daga foldar RegBack: tun daga Windows 10 na 2018 foldar nan fanko take, za ka danne fayiloli masu rai da marasa komai. Ɗayar ita ce Reset this PC da zaɓin Keep my files, wanda yake barin takardunka amma ya kwashe manhajoji, ciki har da ta lissafinka.

In mai gyara ya tabbatar faifan ya mutu, faifan kawai za a canza, a sa SSD, wato faifan zamani mai sauri, kuɗinsa ɗan kaso ne na kuɗin sabuwar kwamfuta. Dalili ɗaya da zai sa ka yi tunanin sabuwa shi ne in taka ba ta ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Ko shi ma matsakaiciya ta ishi lissafin shago. Batun kirifto kuwa, ban ga dalilin da mutumin da bai san nawa yake bin mutane yau ba zai ci sabon bashi don yaro ya gwada sa'a. Kwamfutar shago ta lissafi ce kaɗai, ba a saukar da komai a kanta.

Daga ranar da ta tashi, lissafinka ya zama kwafi uku: na kwamfuta, na filashi da ake sabuntawa kullum bayan an rufe shago kuma yake kwana a wani wurin, da na intanet a asusun da ke da sunanka da lambar wayarka. Filashi biyu ka saya kana musanya su, domin shi ma yana mutuwa. Kowane ƙarshen mako a buga maka jerin masu bashi a takarda, manyan cikinsu su sa hannu. Sayi UPS da zai riƙe kwamfutar ko da minti 10 ne a kashe ta cikin natsuwa. Sau ɗaya a wata kuma, kai da kanka ka buɗe filashin a wata kwamfutar ka duba ko kwanan watan fayil ɗin na jiya ne.